Ubanku Bai Guji Alƙur'ani Ba

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya san abin da ke cikin kan kowane bawa. An ce mini irin wannan rubutu sai mutum ya tsufa, haƙora sun zube, jikoki sun kewaye shi. Ni ba ni da wannan haƙurin. Jiya kai Umaru ka dawo daga kasuwar Goronyo da fasasshen leɓe don an ce da kai ɗan mai aljanu, ke kuma Nana kin fara tambayata abin da ya sa mu kaɗai ne ba ma daka a tsakar gida. To ga takarda, ga tawada. Zan faɗa sau ɗaya, yadda ya faru. Wanda ya zo muku da wani labari daban, ku tambaye shi ko yana wurin.

A Rabah aka haife ni. Babana malami ne, bai kuma hana ni zama bayan ɗalibansa ba, har na sauke, na shiga littattafan tsarki da salla da gado. Abin da bai iya koya mini ba shi ne rufe baki, ya kuwa yi ƙoƙari. Aka kai ni Wurno gidan ubanku da yardata. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san shi. Uwarsa, Inna Kulu, Auta take ce masa. Wanda kuke gani yau kwance a inuwa da ƙyalle a ido, ba za ku yarda ba in na ce a lokacin sai an roƙe shi ya yi shiru. Waƙa yake yi a gona, waƙa a hanya, ya tsokani kowa har jaki. Shi da wansa, Baffanku Dikko, gida ɗaya muke a gindin ganuwa, suna noman albasa da shinkafa a fadamar da aka ba ubansu. Fadamar nan da sharaɗinta aka ba da ita, kamar na kowa a garin: ranar da aka kaɗa kugen yaƙi, mazan gida su ɗauki baka su fita.

Shekarar da nake goyon Umaru aka kaɗa, bayan an gama girbi. Suka yi arewa wajen Gobir. Abin da ya faru can ban gani ba, shi ma ubanku bai tuna ba har yau. Baffa Dikko ne ya ce suna cikin ja da baya wani ya sauke masa kulki a saman kunnen hagu, ya faɗi kamar an sare itace. Mutane suka ce a bar shi, ya riga ya tafi. Baffa Dikko ya jefar da kwarinsa da bakansa, ya saɓa ƙanensa a kafaɗa, ya yi ta tafiya da shi har ya sami mai takarkari. Ku riƙe wannan da kyau, don zan faɗi wasu abubuwa game da Baffanku nan gaba, ban kuma yarda ɗayanku ya raina shi ba.

Ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Wanzami ya aske wurin, ya ciro ɗan ɓallin ƙashi, ya sa magani. Rauni ya kame, ya warke sumul, sai ɗan loɓawa da za ka ji in ka sa yatsa. Ya tashi ya yi tafiya. Aka yi ta zuwa barka, aka ce Allah ya yi ikonsa, an gama. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san ba a gama komai ba. Ciwon kai ne, amma in na ce ciwon kai za ku zaci irin wanda ake ɗaure goshi a tafi rijiya. Yakan fara daga bayan kunne, ya bi ta cikin ido, ya sauka har wuya, sai ya yi amai, sai ƙasa ta riƙa juya masa. Wata rana da sauƙi, har ya je fadama. Wata rana hasken da ke shigowa ta ƙofa ma ya ishe shi. Yakan nemi sunan abu ya rasa, ya nuna moɗa yana cewa ba ni, ba ni, sai ya fusata da kansa ya yi jifa da abin da ke kusa. Mafi muni ƙara. Da na sa taɓarya a turmi sai in ji nishinsa daga ɗaki, kowane bugu da nishinsa.

Na kai turmi gidan maƙwabta ta kan katanga. Na yanka zakaran gida. Na cire wa Umaru 'yar ƙararrawar da ke ƙafarsa. Inna Kulu tana zaune bakin murhu tana kallona.

"Ɗiyar Malam, kin kori turmi, kin yanka zakara. Halan saura ni?"

"In kin rage tari, Inna, ina barin ki."

"Ji min ɗiya! Ni da na haihe shi ban san ciwonai ba, sai ke da anka kawo shekaranjiya?"

"To mi ka damu nai, Inna? Hwaɗa min."

Ta juya itace a murhu. Can ta ce, "Ni dai na ga rauni ya warke."

Kowa abin da yake faɗa ke nan. Rauni ya warke, to me ya saura? Abin da ido bai gani ba sai an nemo masa suna. Wasu a majalisa suka ce tsoron kuge ne, ba ya son a sake fita da shi. Wannan ya ƙona Baffa Dikko har ya kusa dukan wani dattijo. Wasu suka ce a wurin da ya faɗi jini ya zuba, wani abu ya bi ta raunin ya shiga. Wannan kam Baffa ya saurara, don gara a ce ƙanensa an shige shi da a ce matsoraci ne. Aka yi ƙaho a ƙeya har wurin ya yi baƙi. Aka yi rubutu ya sha. Aka rufe shi da bargo aka yi hayaƙi, ya fito yana amai. Aka ɗora masa ƙarfe mai zafi a gefen goshi, tabon da kuke gani nan ne, ba na yaƙi ba ne. Duk ya miƙa kai, bai taɓa cewa a'a ba. Ni ce mai cewa a'a, ni kuwa ba a tambaye ni ba.

Da bazara ta shigo Baffa Dikko ya sayar da ɗan bijiminsa ya tara malamai a yi wa ubanku sauka. Kun san yadda ake yi: a raba izu-izu, kowa ya ɗauki nasa, a fara gaba ɗaya, kowa da muryarsa, wani na ɗagawa don kada na kusa ya rikita shi. Abu ne mai albarka, ni ma na tashi cikinsa, ba ni da abin cewa a kansa. Amma zauren gidanmu ƙarami ne, rufin ƙasa, murya ba ta da hanyar fita. Suka kuma ce a zaunar da mai ciwo a tsakiya don karatu ya ratsa shi ta ko'ina. Na tare Baffa a bakin ƙofar cikin gida.

"Yaya, a bar shi ɗaki. Karatu na isa inda anka nuhe shi ko da katanga."

"Dije, koma ciki."

"To a ce su sassauta murya."

"In ce ma malamai su sassauta Alƙur'ani? Ke kin ji abin da kika hwaɗi?"

Na koma, na manna kunne da bango. Suka fara. Ni da kaina lafiya lau na ji kamar zauren zai tashi. Ban san tsawon lokacin da ya daure ba, amma ya daure fiye da yadda zan iya. Da na ji nishin nan da na sani, sai na ɗaga asabari na leƙa, mace a zauren maza, na ce da ƙarfi, "Don Allah ku dakata!" Ba wanda ya ji ni sai na bakin ƙofa. Na ga ubanku ya dunƙule, hannu biyu a kunne, gumi na zuba. Sai ya yi amai a kan tabarma, ya zabura, ya ture wani tsohon malami har takardunsa suka watse, ya fita da rarrafe. Karatu ya tsaya cak. Wani ya ce, "A'uzu billahi." Wani ya ce, "To, ya bayyana."

Aka neme shi har bakin gulbi ba a gan shi ba. Ni na gan shi da la'asar, don na lura an ɗage hular rumbun da ke bayan ɗakinmu. Gero ya ƙare a ciki, sai duhu da sanyi da shiru. Yana kwance a ƙasan rumbu ya naɗe kamar jariri. Kafin in yi dabara Inna ta gani ta sa salati, gida ya cika. A wurinsu magana ta ƙare. Wa ke toshe kunne in ana karatun Alƙur'ani? Wa ke gudu ya shige rumbu? Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu. Abin da aka koya musu suka auna da shi, awon kuwa ya fito daidai.

Washegari aka yanke shawara a kai shi Rabah, gidan wani malami mai fitar da iska. Babana da kansa ya aiko cewa haka ya dace. Ni na san gidan nan, ta ƙofarsa nake wucewa ina yarinya. Akwai turu a tsakar gida, gungumen da ake sa ƙafar mutum a ciki, a rana. Akwai tsumagiya. Ana kama kan mutum a yi masa karatu da ihu a cikin kunne har sai abin da ke jikinsa ya yi magana. Ko wasu sun warke a can, Allah ya sani, ban yi musu ba. Amma na san abin da rana da ihu ke yi wa ubanku. Ba zai ga damina ba. Baffa Dikko ya je maƙera ya karɓo mari, ƙarfen da ake sa wa ƙafa, ya ce saboda hanya, kada ya gudu ya faɗa gulbi.

Ubanku kuwa ya ƙi fitowa daga rumbu. Na jingina tsani na hau, na dira ciki da ƙwaryar kunu. Bai ɗago ba.

"Dije, ƙila su ad da gaskiya."

"Wace gaskiya?"

"Na ji ƙin shi. Wallahi da sunka hwara, na ji ƙin shi cikin raina. So nikai su yi shiru. Musulmi na jin haka?"

Wannan ne ya tsorata ni, ba marin ba. Mutum ya yarda an raba shi da Ubangijinsa, to ko ba a sa masa ƙarfe ba ya ɗauru. Na ajiye ƙwarya, na zauna daf da kunnensa mai lafiya, na fara karanta masa gajerun surori a hankali, kamar yadda nake yi wa Umaru in zai yi barci. Na gama ɗaya na shiga wata. Bai toshe kunne ba. Can na ji leɓɓansa suna bina, yana tuntuɓe yana kamowa. Da na tsaya ya ce in ƙara. Na ƙara har muryata ta dishe.

"Ka ji ƙin shi?"

"A'a."

"To tashi ka sha kunu, na gaji."

Na fito da ƙurar gero a kai na tafi wurin Baffa Dikko da gudu, ina zaton na kawo abin da zai rufe bakin kowa. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce aljani ya fi ni wayo, ya san lokacin da zai laɓe. Ya ce malamai cike da zaure sun gani da idonsu, ni kaɗai a rumbu ba shaida ba ce. Na faɗa masa maganganun da bai kamata ƙanwa ta faɗa wa wa ba, ya haɗiye. Abu ɗaya na samu: ya yarda in bi su, tunda Rabah garinmu ne, kuma ba za a sa marin ba sai in ya yi yunƙurin gudu.

Muka fita da hantsi. Ubanku a kan jaki, na lulluɓe masa kai da zanena, Umaru a bayana, Baffa Dikko a gaba da marin a cikin burgami, jakarsa ta fata, ƙarfen yana ƙara duk taku. Inna Kulu ta raka mu har ƙofar gari. Ta kama hannuna ta matse, ban kuma san me take nufi ba har yau. Gaba kaɗan da fadama hanya ta rabu, ɗaya ta yi kudu zuwa Rabah, ɗaya ta bi gulbi zuwa wajen Goronyo, inda Kawu Bube, ƙanen uwata, yake kamun kifi da noma a wata 'yar ruga mai gida kaɗan. Ban aika masa ba, ban shirya komai ba. Ina ganin mararrabar nan dai na kama igiyar jaki na ja ta hagu.

"Dije, ba nan ba ta."

"Nan ta, Yaya."

"Saki igiyar ga."

"Sai dai ka sa min marin ni. Ga ƙahwata."

Na zauna a tsakiyar hanya da igiya a hannu. Masu kai albasa kasuwa suka fara tsayawa suna kallo. Baffa Dikko mutum ne mai kunya, na san haka, da gangan na yi. Ya dube ni, ya dubi mutane, ya share gumi. Sai ya je ya ɗage zanen da ke kan ubanku.

"Auta. Matarka ta ce kana karatu. Karanta min Ƙulhuwallahu, nan, gaban mutane. In ka kai ƙarshe ku tahi inda kuka so."

Zuciyata ta yi sanyi, don surar nan ko ƙaramin yaro ya iya ta. Na manta da rana. Ta riga ta take, tana dukan tsakar kansa, ga tafiyar jaki ta girgiza shi, ga idanun mutane. Ya yi bisimilla. Ya kawo aya ta farko. Ya kawo ta biyu. Sai ya tsaya. Ya koma farko, ya sake zuwa wurin, ya sake tsayawa. Bakinsa na motsi, babu abin da ke fita. Na buɗe baki zan ɗora masa, Baffa ya ɗaga mini hannu. Ubanku ya runtse ido, ya dafe gefen kai, hawaye na bin kuncinsa, yana ta nema, yana ta nema. Wani cikin masu albasa ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya ja jakinsa baya. Na san na faɗi. Ni na kawo shaida, shaida ta juya mini baya a gaban jama'a.

Sai Baffa Dikko ya matsa ya tsaya ta inda rana take, inuwarsa ta rufe ƙanensa. Ya sunkuya, ya faɗa masa ayar a hankali. Ubanku ya maimaita. Ya faɗa masa ta ƙarshe, ya maimaita. Ya mayar masa da zanen a kai, ya gyara shi ta gefen ido. Sa'an nan ya juyo gare ni, fuskarsa ba rahama.

"Bai kai ba. Kin gani da idonki, bai kai ba."

"Na gani."

"In kin tahi da shi, can babu ganuwa. In mahara sunka zo, ke za ki ɗauke shi. Rabonai na hwadama ya tahi, don ba a riƙe ma wanda ya bar gari. Malam kuwa ba shi yahe miki, kin san halin ubanki. In kuma abin ga ya tashi ya jehwa shi gulbi, ko ya shaƙe ki da ɗan ga, kada a zo a hwaɗa min."

"Na ji."

"Kuma ba warkewa za shi yi ba."

"Ban ce shina warkewa ba, Yaya."

Duk abin da ya lissafa ya tabbata, ban da shaƙewa da gulbi. Fadama ta tafi. Mun kwana cikin ciyawa muna jin kofaton dawakin mahara, ina toshe bakin Umaru da hannu ɗaya, ɗayan a kan kunnen ubanku. Babana ya aiko aka kwashe littattafan da ya ba ni, ya rasu ban ga fuskarsa ba, sai labari na ji daga bakin masu kwalekwale. Ni da ban taɓa fita ƙofar gida ba sai da dalili, yau ni ce ke ɗaukar turmi a kai zuwa gindin tsamiya, hannuna duk kanta. Ciwon kuma yana nan inda yake. Wani wata ya ba shi kwanaki masu kyau ya gyara wa Kawu tarun kamun kifi, ya yi muku dariya, wani wata ya kwantar da shi. Akwai ranakun da nake jin haushinsa, da na kaina, da na kowa, in tafi bakin ruwa in yi ta zagin kifi. Ban ce muku na yi haƙuri ba. Na ce dai ƙafarsa ba ta taɓa shiga ƙarfe ba, kuma yana salla, a zaune ko a kwance, in aya ta ɓace masa in ɗora masa.

Ranar nan a mararraba na miƙe na kaɗe zane, na ja jaki. Mun ɗan yi nisa ubanku ya ce daga cikin lulluɓi, "Yaya ya tahi?" Na waiwaya. Baffa Dikko yana tsaye inda muka bar shi. Ya sauke burgamin, ya ciro marin, ya kwance rawaninsa a gaban masu albasa, ya naɗe ƙarfen a ciki tam. Ya rungume shi a ƙirji, ya juya ya nufi Wurno da kai a buɗe cikin rana. Na tsaya ina saurare har ya shige cikin fadama. Ko sau ɗaya ƙarfen bai yi ƙara ba.